Azarar Sarki a Fadamar Tungar Bauje

An yi wani sarki a Birnin Marke, sunansa Hamidu ɗan Jatau, wanda Allah ya hore wa ƙasa mai yalwa da talakawa masu biyayya, amma bai hore masa kwanciyar rai ba, domin mutum ne mai yawan tunanin abin da za a tambaye shi ranar hisabi. Cikin abubuwan da ke hana shi sakat babu kamar makarantun ƙasarsa, waɗanda yawancinsu gindin bishiya ne, in ruwa ya sauko a watse, in rana ta take a watse. A shekara ta uku da hawansa ya buɗe baitulmali, ya aika wa hakimai dukiya mai yawa, ya ce a gyara makarantu. Da shekara ta kewayo ya fita rangadi don ya ga aikin da idonsa, sai ya tarar da makarantun nan yadda ya bar su, amma kusan kowane hakimi ya yi sabon soro a gidansa, har wani ya ƙara bene.

Sarki ya dawo gida cike da baƙin ciki, ya kira wazirinsa Lawwali, ya ce ya rubuta masa doka wadda ko allura ba za ta sami wurin shiga ba. Shi kuwa Waziri Lawwali malami ne na gaske, mai tsentseni, wanda ba a taɓa jin ya ci haƙƙin wani ba. Aibinsa ɗaya ne: a birni aka haife shi, a birni ya yi karatu, ƙauye kuwa daga kan doki ya san shi. Ya zauna kwana bakwai, ya fito da doka cewa daga ran nan ba za a ƙara aika kuɗi ba, sai azara, wato itacen giginya da ake rufin soro da shi, kowace an ƙona mata tambarin sarki da ƙarfe mai zafi. Kowane gari zai gina ɗakin karatu na ƙasa, tsawo kamu goma sha biyu, faɗi kamu takwas, ya rufe shi da azarar nan, yara su zauna ciki daga hantsi zuwa azahar, rani da damina. Duk malamin da ya sa azara ko guda ɗaya a wani wuri dabam, za a raba shi da koyarwa har ya mutu, a rufe makarantarsa, garinsa kuma ba zai sake ganin taimakon sarki ba sai bayan shekara bakwai. Aka karanta dokar a bainar jama'a, sarki ya rantse a kanta.

Kada mai karatu ya yi saurin zargin mutanen nan biyu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma ni mai ba ku labarin nan na san abin da manya ke iya yi da dukiyar da ba ta da tambari. A garuruwan tudu ma dokar ta yi amfani ƙwarai, soraye suka tashi, hakimai suka kame hannu ba don suna so ba.

Ana nan, wata rana ana tsakiyar fadanci, sai Sarkin Gini Dogo, wanda aka ɗora wa duba gine-ginen, ya dawo daga kewaye. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, duk garin da na shiga na ga soro, in ban da ɗaya. Tungar Bauje, can fadamar shinkafa ta bakin gulbi, ko tushe ba a haƙa ba. Azararka tana nan, ban rasa ko ɗaya ba, amma a tsaye take cikin taɓo. Malaminsu, wani tsoho ana ce masa Malam Cindo, ya kakkafa ta ya yi rumfuna shida a tsakiyar gonaki, irin na korar tsuntsaye, ya ɗora yara a kai."

Sarki ya ce, "Yaran me suke yi a kai?"

Sarkin Gini ya ce, "Allah ya ja zamaninka, na ji dai suna ta kwarara karatu, har sai da kunnena ya yi zafi. Amma ni gini aka aike ni dubawa, ba karatu ba."

Sarki ya ce, "A sauran sorayen fa, ka ji karatu?"

Sarkin Gini ya sosa ƙeya, ya ce, "A wasu na ji. A wasu kuwa, musamman na yankin fadama, awaki na tarar a kwance. Amma ginin kam ya cika kamu."

Fadawa, waɗanda ba su taɓa rasa bakin magana ba in dai kan wani za a faɗa, suka fara cewa a tuɓe Malam Cindo, a rufe makarantarsa, a nuna wa na baya. Sarki ya ɗaga hannu, ya sallami kowa, ya bar Waziri shi kaɗai. Sannan ya ce, "Waziri, ga mas'ala na ɗora maka, domin kai ka rubuta dokar nan, ni na rantse a kanta. Rantsuwar ba ita ta fi damuna ba, don na san shari'a ta bar wa mai rantsuwa hanyar kaffara idan ya ga abin da ya fi alheri. Abin da nake tsoro shi ne, in na yafe wa tsohon nan, gobe kowane hakimi zai kwashe azarata ya rufe turakarsa, ya zo mini da uzuri mai daɗin ji, in rasa abin da zan ce masa. In kuma na hukunta shi, na rufe makarantar da ake karatu, na bar waɗanda awaki ke kwana ciki, ban san da wane ido zan dubi Ubangijina ba. Ka je ka gani da idonka. Na ba ka kwana goma. In ba ka zo mini da mafita ba, Sarkin Gini zai je ya tumɓuke azarar, hukunci ya biyo baya."

Waziri ya ce, "Na ji, na kuwa bi, Allah ya ba ka nasara." Ya fita bai san ta inda zai ɓullo wa al'amarin ba, domin duk yadda ya juya maganar a zuciyarsa, bai ga laifin dokarsa ba, bai kuma ga yadda za a rufe makarantar da ake jin karatunta daga nesa ba.

Kwana uku ya yi a hanya. Ran na huɗu da hantsi ya iso bakin fadama, doki ya ƙi shiga, dole ya sauka ya naɗe wando, ya bi kunyar gona da ƙafa, taɓo na kama shi har ƙwauri. Tun kafin ya hangi rumfunan ya fara jin muryoyi. Da ya matsa sai ya gan su a warwatse cikin shinkafa, tsakanin kowace da 'yar'uwarta kamar nisan jifa biyu, kowace ɗauke da yara bakwai, maza da mata, allunansu bisa gwiwa. Rumfa ɗaya za ta ɗauki layi da ƙarfi, ta nesa ta karɓa, ta can gaba ta maimaita. Yana tsaye sai ga garken janbaki, ƙananan tsuntsayen nan masu cin hatsi, sun taso daga bakin gulbi sun rufe sama, suna neman sauka. Yaran suka ɗaga murya gaba ɗaya, suna jan igiyoyin da aka rataye wa sakaina, ba su kuwa saki layinsu ba. Tsuntsayen suka karkata suka wuce.

Wani tsoho siriri ya fito daga cikin shinkafa, ɗan goran tawada rataye a wuyansa, ƙafafunsa duk faso saboda zama cikin ruwa. Da ya ga rawanin baƙon sai ya durƙusa nan cikin taɓo, ya ce, "Ranka ya daɗe, sannu da zuwa. Ni ne Cindo. Tun ranar da Sarkin Gini ya juya nake sauraren zuwan wani."

Waziri ya ɗaga shi, suka hau rumfa ɗaya suka zauna a gefe, ga tambarin sarki nan ƙarara a jikin itacen da ke ƙarƙashinsu. Waziri ya ce, "Allah gafarta malam, an aiko maka amana don a yi ɗakin karatu, ka mai da ita rumfar kora. Ina son in ji hujjarka daga bakinka."

Malam Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, mu nan shinkafa ce abincinmu, ita ce harajinmu. Daga ranar da ta fitar da kai har a yanke ta, in aka bar ta wuni ɗaya babu mai kora, janbaki sun gama da ita. Manya suna can wajen datse ruwa da kamun kifi, kora kuwa aikin yara ne tun kaka da kakanni. Kafin kora ga dashe, ga cire ciyawa. Shekarata talatin ina koyarwa a garin nan, yaro ya yi wata huɗu yana karatu da rani, fadama ta ɗauke shi, ya dawo mini ya manta har baƙin da ya fara da shi. Da na gina soron nan, da ni kaɗai zan riƙa zama ciki daga hantsi zuwa azahar. Rumfunan da muka saba yi da kara mutum ɗaya suke ɗauka, kuma kafin kaka sun ruɓe. Azara kuwa ruwa ba ya ruɓar da ita, gara ba ta cin ta. Da na gan ta a zube sai na ce ga abin da zai ɗauki yara bakwai da allunansu. Tsuntsu bai san bambancin ihun banza da karatu ba, shi dai a yi masa ƙara. Da sassafe nakan bi rumfa-rumfa in rubuta wa kowa darasinsa, babba ya saurari ƙarami, ni kuma ina kewayawa."

Waziri ya ce, "Ka san hukuncin da ke kan wannan?"

"Na sani, ranka ya daɗe, a gabana aka karanta."

"To, me ya hana ka neman izini kafin ka taɓa azarar sarki?"

Tsohon ya kankare busasshen taɓo daga ƙafarsa. Can ya ce, a hankali, kamar mai neman gafara, "Na aiko da takarda sau uku ta hannun fatake masu kai shinkafa birni. Suka ce mini sun damƙa wa magatakardanka hannu da hannu. Na jira wata biyar. Da shinkafa ta fitar da kai, ita ba ta san jira ba."

Nan take Waziri ya gane inda takardun suka maƙale. Ya tuna da bakinsa ya umarci magatakardansa, ranar da aka kafa dokar, cewa duk takardar da ta zo daga makarantu tana neman a sassauta wani abu, kada ma a kawo masa ita, don a ganinsa daga sassauci ɓarna ke farawa. Sai ya kau da kai yana kallon gulbi, kamar akwai wani abin gani a can.

Yana haka sai ga wata mata, Tasalla, ta kawo wa 'ya'yanta fura a rumfar. Ta durƙusa ta gaishe shi, da ta gane ko wane ne, ba ta jira an tambaye ta ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san doka ba. Abin da na sani, 'yata Azumi bara ko alif ba ta iya ba, bana ita ta karanta mini takardar da wanta ya aiko daga cin rani. In za ku cire itacenku, ai naku ne. Amma yaran nan ba soro za su tafi ba, nan za su zauna suna ihu, sai dai babu allo. Kuma in kun raba Malam da koyarwa, wa zai zo mana nan, sauro ya cinye shi?"

Waziri ya yi musu sallama. Ya koma birni, kafin ma ya shiga gidansa ya biya ɗakin magatakarda, ya ce a sauko masa da kwandon takardun makarantu. Kwandon ya cika har ya batse. Can ƙasa ya sami ukun Malam Cindo a naɗe, ko zaren da aka ɗaure su ba a kwance ba. Ya karanta, kowace da ladabi, kowace da bayani dalla-dalla, ta ƙarshe ma cewa take, in sarki bai yarda ba a aiko masa da kalma ɗaya, zai bar azarar inda take. Zan faɗa muku gaskiya, ko da yake ina ganin girman mutumin nan: ya yi tunanin ƙona su. Ba wanda ya san da su sai magatakarda da ke ci a ƙarƙashinsa, da wani tsoho da ke nisan kwana uku. Bai ƙona su ba, bai kuma kai wa sarki ba. Ya sa su cikin aljihun rigarsa, ya zama kamar mai ɗauke da garwashi a tsumma.

Ran da wa'adi ya cika ya je gaban sarki, ya ba da labarin duk abin da ya gani, ya tsallake zancen takardu. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, saura kwana ashirin a yanke shinkafa. Ina roƙon alfarma a jinkirta hukunci har lokacin, sannan a kawo yaran nan gabanka ka jarraba su da kanka, domin gani ya kori ji. Wanda ya karkatar da azara don cikinsa ba shi da abin nunawa sai soronsa, wanda kuwa ya karkatar da ita don karatu, karatun zai yi masa shaida."

Sarki ya ce, "Na yarda. Amma in suka kasa, kai za ka karanta hukuncin da bakinka."

Kwana ashirin ɗin nan Waziri bai san daɗin abinci ba. Kullum sai ya ce gobe zai faɗa, gobe ta zo ya ce jibi, yana lallashin kansa cewa in yaran suka ci jarrabawa ai shi ke nan, asiri ya rufu, kowa ya huta. Haka ɗan Adam yake, ya fi son gaskiya ta yi halinta ba tare da ta taɓa rigarsa ba.

Da aka gama yanka, Malam Cindo ya iso birni da yaransa arba'in da biyu, a ƙafa da kan jakuna. Da hantsi aka shigar da su babban soron fada, mai duhu da shimfiɗu, dogarai a tsaitsaye da jajayen riguna, fadawa sun yi sahu. Sarki ya miƙa wata takarda da ya rubuta da hannunsa a safiyar nan, aka ba babba daga cikin yaran. Ya dubi takardar, leɓensa na motsi, murya ba ta fita. Aka ba ta biyu, ta dubi rufin soron, ta dubi dogarai, ta fashe da kuka. Aka ba na uku, na huɗu, har na goma, babu wanda ya haɗa kalma biyu. Malam Cindo ya sunkuyar da kai, gumi na ɗiga daga gemunsa. Sarkin Gini ya ce, ba da ƙarfi ba amma yadda kowa zai ji, "Ashe dai ihun kora ne."

Sarki ya juyo ya dubi Waziri, fuskarsa babu fushi sai baƙin ciki, ya ce, "Waziri, ina jin lokacin karanta hukunci ya yi."

Waziri ya miƙe. Yana kallon yaran nan a cure wuri ɗaya kamar 'yan tsaki, sai ya tuna yadda ya gan su a fadama. Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, alfarma ɗaya ta rage. Yaran nan ba su taɓa karatu ƙarƙashin rufi ba, ba su taɓa yin sa a hankali ba, ba su kuma taɓa yin sa da mutum tsaye a kansu ba. A sama suka koya, a sarari, nesa da juna. A jarraba su yadda suka koya, in sun kasa zan karanta."

Wasu fadawa suka yi dariya a ɓoye, amma sarki ya ce a yi haka. Aka hau da yaran saman soraye shida na farfajiyar fada, bakwai-bakwai, sarki ya sa aka rubuta takardu shida, kowace da maganarta dabam, aka miƙa wa kowane soro ɗaya. Malam Cindo ya tuɓe takalmansa ya tsaya a tsakiyar fili. Sai tsohon ya tafa hannu sau biyu, ya yi kiran da yake yi musu kullum a fadama, "Kai, ga su nan sun taso!" Daga soron gabas wata siririyar murya ta tashi, ta Azumi 'yar Tasalla, ta ja layin farko da iyakar ƙarfinta. 'Yan'uwanta shida suka karɓa. Soron yamma ya ɗauki tasa takardar, na kudu ya biyo, kafin a jima ko maganar na kusa da kai ba ka ji, har mutanen kasuwa suka bar rumfunansu suka taho ƙofar fada. Bayan haka sarki ya faɗi wata magana, sanƙira, mai shelar fada, ya shelanta ta, yaran suka rubuta a alluna, aka sauko da su. Ba duka suka dace ba, wasu sun yi kuskure, ƙanana biyu ma sun bar allonsu fari. Amma mafi yawansu sun rubuta daidai, da hannu mai kyau.

Aka koma cikin soro. Sarki ya ce, "Malam, na ji karatu, na ga rubutu, kuma ban ji irinsa daga sorayena na fadama ba. Amma abu ɗaya ya rage, shi ne kuwa ginshiƙin maganar. Wanda ya nemi izini aka hana shi yana da uzuri, wanda kuwa ya sa hannu cikin amanar sarki bisa ra'ayin kansa, ko da ya dace, ya buɗe hanyar da ɓarayi za su bi, kuma wannan ba zan iya kau da kai daga gare shi ba. Me ya hana ka tambaya?"

Malam Cindo ya ɗaga ido sau ɗaya wajen Waziri, ya mai da shi ƙasa. Talaka ne, ya san ba a ƙarar waziri a gaban sarki a kwana lafiya, kuma ko ban da tsoro, ba ya son ya tozarta mutumin da ya shiga taɓo dominsa. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ba ni da ta cewa."

Sarki ya maimaita tambayar, tsohon ya maimaita amsar. Sarki ya yi ajiyar zuciya, ya miƙa hannu wajen takardar hukunci.

Nan ne Waziri Lawwali ya sa hannu cikin aljihu, ya fito da takardun nan uku, ya ajiye su a gaban sarki, ya kwance rawaninsa ya ajiye kusa da su, ya durƙusa. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ya tambaya. Sau uku ya tambaya, ya jira wata biyar, ni na hana a kawo mini takardunsa, da nasa da na wasu cike da kwando. Na san da wannan yau kwana ashirin da 'yan kai, na ɓoye maka don tsoron zubar da girmana, na bar bawan Allah nan yana shirin rasa makarantarsa don ya rufa mini asiri. Dokar da na rubuta ta tsare azara, ba ta tsare karatu ba, domin na auna ƙasarka duka da kamun birni, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In akwai wanda ya cancanci tuɓewa, ga rawaninsa nan. Mafitar da ka nema kuwa, in har maganata tana da sauran daraja, ita ce wannan: tambari ya zauna, hukuncin ɓarawo ya zauna, amma duk malamin da ya ga dokar ba ta dace da garinsa ba, ya zo da iyayen yara su shaida abin da yake so ya yi da dalilinsa, a ba shi amsa kafin kwana arba'in. In an yarda masa, bayan shekara a aika mai jin karatu, ba mai awon bango kaɗai ba. In yara sun ƙaru, ya ci gaba, in ba su ƙaru ba, ya mai da azara. Ɓarawo ba ya son shaidu, ba ya kuma son a dawo a duba."

Sarki ya karanta takardun ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai ta ƙarshe idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Malam, ka yafe mana. Rumfunanka suna nan, makarantarka tana nan, kuma daga bana takarda da tawada na Tungar Bauje daga baitulmali za su fito. Rantsuwata ni zan yi kaffararta, yau ɗin nan." Ya sa aka kawo riga da rawani aka ba tsohon, wanda ya yi ta godiya yana share hawaye da hannun tsohuwar rigarsa.

Sannan sarki ya sauko daga karaga, ya ɗauki rawanin Waziri da hannunsa ya miƙa masa, ya ce, "Naɗa abinka. Kuskurenka na farko na rashin sani ne, na biyu na tsoro ne, kuma wannan ya fi muni. Amma yau, da ka yi shiru ɗan lokaci kaɗan, da ka tsira, ni kuma da na zalunci mai gaskiya ban sani ba. Wazirin da zai iya tona asirin kansa don ya hana ni zalunci, ba ni da wanda ya fi shi." Ya yafa masa alkyabba, sannan ya ƙara da cewa, "Kwandon nan kuma, kai za ka karance shi, takarda bayan takarda, ka amsa wa kowa da hannunka. Kuma kowace damina za ka yi wata guda a ƙauye, a ƙafa."

Waziri ya ce, "Na ji, na kuwa gode." An ce kwana goma sha ɗaya ya yi yana karanta kwandon, kuma ya sami masu gaskiya a ciki, ya sami maƙaryata, amma a karon nan ya san yadda zai rarrabe su.

Wannan ya sa masu hikima na ƙasar suke cewa, dokar da aka gina ba ƙofa, ko mai gaskiya sai ya haura katanga, kuma sarkin adalci shi ne wanda, kafin ya kama wanda ya haura, zai fara tambayar wanda ya yi ginin.